MAI BAN DARIYA MA YANA DA ZUCIYA

 Yau kam ba labari na zo muku da shi ba, wata 'yar magana ce ta daɗe tana cin raina, na ga in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba.

Maganar kuwa ta wani marubuci ce ɗan'uwanmu, wanda ba zan kama sunansa ba don kada a ce talla nake yi masa. Duk wadda ke taɓa karance-karance a nan yankinmu ta san shi da abu ɗaya, wato barkwanci. Shi ne mai labarin maigida marowaci da ke ƙirga yankan nama kafin ya fita, shi ne mai labarin kishiyoyin da suka yi wata guda ba sa magana a kan ludayi. In kina karanta shi sai kin toshe baki da gefen mayafi don kada a ce kin zautu. To kwatsam sai ga shi ya fito da littafin soyayya, na farko a rayuwarsa. Ai kuwa sai gari ya ɗauka.

Ga wadda ba ta karanta ba, ga labarin a taƙaice. Wani tela ne a wani ɗan gari irin namu, wata yarinya ta kawo masa ɗinkin Sallah. Tun ranar da ya gan ta zuciyarsa ta kamu, amma bakinsa ya yi nauyi, don haka sai ya ɓullo da dabarar da duk tela ya iya: yau ya ce zare ya ƙare, gobe ya ce keke ya lalace, jibi ya ce sai ya sake awo, duk don ta riƙa dawowa. Ita kuwa kullum ta zo sai ta zazzage masa masifa ta tafi. Ana nan ana nan, kafin ya buɗe baki, aka ba da ita ga wani mai sayen hatsi. Shi aka kawo wa ɗinkin bikin, ya kwana uku a kan keke, ya gama ranar da ya yi alkawari, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara sana'a. Sauran ba zan faɗa ba, kowa ta nema ta karanta.

Da yake ni ma ina ɗan taɓa rubutun, duk inda na shiga sai a tare ni da zancen, kamar ni na aike shi. Da na tattara abin da na ji daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, sai na ga masu magana sun rabu gida huɗu.

Gida na farko su ne waɗanda suka ce ya ci amanarsu. Shugabarsu a wurina wata gwaggona ce a Ƙanƙara. Ita ba ta yi boko ba, jikarta ke karanta mata da dare in an gama tuwo. Da na je gaishe ta, ko ruwa ban sha ba ta ce, "Ke ɗiyar nan, wannan abokin sana'ar taku mi ya kai shi? Mu da muke ba da kuɗinmu don mu yi dariya mu huce, shi ne zai zo ya sa mu kuka? Kuka ai muna da shi a gida, ba sai mun saya ba."

Gida na biyu 'yan mata ne. A wani gidan biki a Faskari suka kewaye ni ana ƙunshi, wata mai baki a cikinsu ta ce, "Haba Anti, don Allah wannan soyayya ce? Saurayi wai tela! Ba mota, ba turare, ba a je ko Abuja ba balle Dubai. Kuma har aka gama kashi na ɗaya bai ce mata yana son ta ba. Wannan ai wasan yara ne." Sauran suka ce wallahi kuwa.

Gida na uku ba su da yawan surutu. Wata facalar yayata a Sabuwa, mai 'ya'ya biyar, ita ta ja ni gefe ta ce, "Ni kam littafin nan kamar a ɗakina aka zauna aka rubuta shi. Shekarata goma sha huɗu da maigidan nan, bai taɓa buɗe baki ya ce mini ga abin da ke ransa ba. Sai dai ya ce miyata gishiri ya yi yawa alhali yana siɗe kwano. Da na karanta telan nan sai na gane yaren da mutumin yake yi mini duk shekarun nan."

Gida na huɗu kuwa su suka fi kowa ɗaga murya, su ne waɗanda ko bangon littafin ba su taɓa ba. An ce da su wai an ce. Da za ki tambaye su sunan yarinyar da ke ciki sai ido ya raina fata. Waɗannan ba zan ɓata takardata a kansu ba, illa in tuna musu cewa irin wannan hukunci na ji-ta-ji-ta shi ya daɗe yana bin rubutunmu. Tun shekarun 1990 ake muhawara a jaridu kan littattafan soyayya, ɗan jarida Ibrahim Sheme, mutumin ƙasar Faskari, yana cikin waɗanda suka buɗe wa masu muhawarar fili, wasu na suka wasu na karewa. Waɗancan ko ba komai sun karanta kafin su yi magana. Amma har ta kai a shekarar 2007 an tara littattafai an cinna musu wuta a Kano. To ke da kike mace mai karatu, bai kamata a ce da bakinki ake hura irin wannan wutar ba.

Ni dai ga inda na tsaya: mutumin da ya iya ba ki dariya, kada ki raina shi ranar da ya zo zai ba ki labarin zuciya, don sau da yawa ya fi mai zuba kalamai sanin inda ciwon yake. Bari in faɗi dalilina.

Ki tambayi kanki, da me ake ba mutane dariya? Ba da ƙarya ba ne, da lura ne. Sai mutum ya zauna ya ƙura wa jama'a ido, ya ga yadda amarya ke cewa ta ƙoshi alhali cikinta na ƙugi, ya ga yadda suruka ke yabon girki da bakin da ke nufin akasin haka, ya ga yadda saurayi ke gyara hula sau goma kafin ya aika yaro ya yi sallama. Abin da ke ba mu dariya shi ne tazarar da ke tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da zuciya ta ɓoye. To 'yar'uwa, soyayyar Bahaushe a ina take zaune in ba a cikin wannan tazarar ba?

Mu fa mutane ne masu kunya. Mace ba ta kama sunan mijinta, uwa tana kawar da kai daga ɗan farinta alhali shi ne sanyin idonta. Abin da kunya ta hana mu faɗa kai tsaye, sai muka naɗe shi a cikin wasa. Kaka ta ce da jikanta mijina, ta ce ya hana ta kuɗin cefane. Taubasai su yi ta tsokanar juna tun suna yara, a ƙarshe ki ji an ɗaura musu aure. Ƙanin miji ya shigo ya kushe tuwonki, alhali ranar da aka taɓa ki shi ne zai fara tsaya miki. Ko a wurin zance, yarinyar da ba ta son saurayi gaisuwa take yi masa cikin ladabi ta koma gida. Wanda take so shi take ja da faɗa. Saboda haka wanda ya san wasanmu ya riga ya san rabin soyayyarmu. Telan nan da ke cewa zare ya ƙare, ai ya faɗa mata komai, mai kunne ce kawai za ta ji.

Kuma ba yau aka fara ba. Marigayi Abubakar Imam, wanda ya tashi a Katsina, da Ruwan Bagaja ya shigo fagen rubutu bayan gasar da aka yi a 1933, kuma duk wadda ta karanta ta san yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta ƙulla wa juna tsiya daga gari zuwa gari. Amma wannan alƙalamin dai shi ne a cikin Magana Jari Ce ya tsara mana labarin Ƙamaruzzaman, labarin masoya da rabuwa da neman juna. Ba mu ji an ce ya tsaya a kan Zurƙe kada ya wuce ba.

Ga kuma namu na gida, marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda duniya ta fi sani da Kasagi. Iyayenmu sun san shi ɗan wasan kwaikwayo ne mai sa nishaɗi. Amma da ya ɗauki alƙalami ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, wanda aka buga a 1979, ba shiririta ya yi ba, maganar da ta shafe mu mu mata ya ɗauko, yadda masu hannu da shuni ke ruɗar 'yan mata da abin duniya su ɓata musu rayuwa. Littafin ya shiga makarantu, daga baya a farkon shekarun 1990 aka mayar da shi fim. Da an ce masa Kasagi kai dai tsaya a kan raha, da mun yi asarar wannan.

Har a ƙasashen Turawa abin haka yake. Akwai Cali Caplin ɗan Ingila, sarkin masu ban dariya na zamanin finafinan da ba a magana, mai ɗan guntun gashin baki da sanda da burmemen takalmi. A 1923 ya tsara wani fim mai suna A Woman of Paris, labarin wata yarinya da ƙaddara ta raba ta da saurayinta ta faɗa hannun wani attajiri a birnin Faris. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, amma bai fito a matsayin jarumi ba, sai wata 'yar fitowa ta ƙiftawar ido a matsayin ɗan dako a tashar jirgin ƙasa. Har sanarwa ya sa a farkon fim ɗin don kada mutane su zauna jiran sa. Masana suka yaba ƙwarai, amma 'yan kallo suka juya baya, don su dariya suka zo saye. Abin ya yi masa ciwo har ya janye fim ɗin ya ajiye, bai sake fito da shi ba sai a ƙarshen rayuwarsa, bayan shekara hamsin da 'yan kai. Amma bai fasa ba. A 1931 ya yi City Lights, inda ya haɗa biyun wuri guda: talaka mai ban dariya ya kamu da son wata makauniya mai sayar da furanni, ya sha wuya har da ɗauri don ta samu kuɗin maganin ido. Yau ana lissafa shi cikin finafinai mafiya kyau da aka taɓa yi. Kin ga da ya ji tsoron masu kallon farko, da na biyun bai samu ba.

Yanzu bari in koma kan Gwaggo, don maganarta ta fi ta kowa nauyi a wurina, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Wanda ba ya zaune a nan ba zai san darajar dariya a wurinmu ba. Mu ne muka kwana a daren 11 ga Disamba 2020, aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashe yara sama da 300, iyaye mata suka yi kusan mako guda ba ci ba barci kafin a dawo da su. Mu ne a watan Satumba 2021 aka katse wa layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, muka yi watanni ba ka jin muryar naka sai ka yi tafiya. A lokacin nan masu karatu a waya duk suka koma kan tsofaffin littattafan takarda, ana zaro su daga ƙarƙashin katifa, wani ba bango wani ba shafin ƙarshe, suna yawo gida gida. Na barkwanci su aka fi rububi. Mace ta ji ƙarar babur da dare gabanta ya faɗi, da safe ta buɗe labarin marowaci ta yi dariya har da hawaye. Wannan ba wasa ba ne, magani ne. Don haka in Gwaggo ta ce an taɓa mata magani, dole a saurare ta.

Sai dai Gwaggo, ki yi mini haƙuri, kuka ma iri-iri ne. Akwai kukan tsoro, wanda ke busar da zuciya har mutum ya daina jin komai. Akwai kuma kukan tausayi, irin wanda kika yi wa telan nan, shi kuwa jiƙa zuciya yake yi. Kuma ni abin da ya fi burge ni, mutumin nan ya ɗauki gari irin namu, da kasuwarsa da masu awonsa da shagon telansa, ya nuna cewa a nan ma ana so, ana kishi, ana kai lefe. In aka ambaci garuruwanmu a rediyo kin san labarin da ke biyowa baya. To ga wani ya tuna mana cewa ba shi ke nan abin da muke da shi ba.

Ku kuma ƙannena na Faskari, zan so ku waiwaya baya kaɗan. Wa ya ce muku sai da mota ake soyayya a littafi? In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya girgiza ƙasar Hausa, ai saurayin ciki talaka ne, yarinyar ce 'yar masu kuɗi. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ba ma labarin saurayi da budurwa ne ginshiƙinsa ba, labarin uwargida ne da aka kora da 'ya'ya tara ta tashi ta riƙe kanta. Maƙwabciyarmu Anti Bilkin Funtuwa ta yi suna ne da koya wa mace zaman gida da neman ilimi a cikin labari. Gidan nan faɗi gare shi. Ba na hana ku mafarki, ni ma na yi, amma ku sani yawancinku ba likita mai gilashi ne zai yi sallama a ƙofar gidanku ba. Tela ne, ko malamin firamare, ko manomi, ko mai shago. In littafi ya koya miki cewa so ba ya zuwa sai cikin mota, ranar da ya zo a ƙafa ba za ki gane shi ba.

Ba ina cewa littafin ba shi da aibu ba ne, a'a. Na farko, tsohon hali ya bi shi: akwai wuraren da zuciya ta tsinke, mai karatu tana son a bar ta ta ɗan yi shiru, sai ya jefo abin dariya kamar mai jin kunyar a ga hawayensa. Na biyu, in mata suka keɓe a ɗaki a littafinsa, maganarsu ba ta yi kama da tamu ba, ka ji su kamar maza a majalisa. Na uku, ya sa dangin ango sun kawo gara, alhali ko yarinya ta san lefe ne na ango, gara kuwa daga gidan amarya take fitowa. Da ya ba wata yayarsa ta duba masa da an gyara. Irin wannan shi ne gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba. Wanda aka ce masa ga inda ka yi tuntuɓe, gobe zai ɗaga ƙafa. Amma wanda aka ce masa wa ya aike ka, me ake so ya gyara?

Ku bari in faɗa muku abin da mai karatu ba ta gani. Mu da muke buga littafi da kanmu ba mu da wani kamfani a bayanmu. Da kuɗin adashi ake biyan mai buga rubutu, a sayi takarda, a biya maɗaba'a, a ɗauko a raba wa masu sayarwa, sau da yawa sai an sayar ake ba ka naka. In masu karatu suka juya baya, ɗaurin littattafan nan a ƙuryar ɗaki za su zauna gara na ci. Ni kaina akwai labarin da na ƙare ba da aure ba, saƙonnin da na samu sai da na yi kwana biyu ban taɓa biro ba. To marubucin da aka yi wa haka sau ɗaya, tsoro zai kama shi, ya koma yana dafa miyar da ya san ana sha, jiya ita yau ita gobe ita. Sannan mu ɗin dai mu dawo muna ƙorafin cewa littattafan yanzu duk iri ɗaya ne. Wa ya mayar da su haka? Dubi marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014: da zarar fuskarsa ta bayyana an fara dariya tun bai yi magana ba. So ne, ba shakka, amma wani son yakan zama turke.

Don haka 'yar'uwa, ra'ayinki haƙƙinki ne, kuɗinki kika sa, ba mai hana ki cewa bai yi miki ba. Roƙona uku ne kawai. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci. In za ki kushe, ki nuna wurin, ki ce shafi kaza ne bai zauna ba. Kuma ki auna littafin da abin da ya zo yi, ba da abin da kika saba samu a hannun mai shi ba. In dariya kike nema, tsofaffin littattafansa suna nan ba su gudu ba, kuma mai hali ba ya fasa halinsa, na tabbata zai sake yi mana wani. Amma a bar shi ya numfasa. Mutumin da ya yi shekaru yana share mana hawaye, ranar da ya ce shi ma akwai abin da ke ransa, ai ladabi ne mu gyara zama mu saurara.

A nan zan dasa aya. Wadda ta karanta littafin, ina son in ji a wane gida take cikin huɗun nan, in dai ba na huɗun ba ne. Ina gaida uwargida ran gida, ina gaida amarya, ina gaida 'yan mata adon gari. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum.